Fayil ɗin da na kasa kaiwa sito

Yau ina kwashe tsofaffin takardu a ofis sai na ci karo da fayil ɗin wata ɗaliba da ta dawo daga Sudan a 2023. Jikina ya yi sanyi.

Shekara 11 ke nan ina aikin karɓar ɗaliban da suka baro jami'o'in waje, amma ban taɓa ganin watanni irin waɗancan ba. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, yaranmu da yawa suka bi ta iyakar Masar, jirgi ya kwaso su daga Aswan. Takardar sakamako kuwa babu. Wa za ka rubuta wa, jami'ar a rufe?

Ita wannan tana aji huɗu a likitanci. Hoton sakamakonta kawai ta riƙe a waya, da Larabci, gefensa ma a yanke. Wani malamin Larabci ya fassara mana, muka shafe sati uku muna gwada kwas da kwas. Kwamiti ya mayar da ita aji uku. Ta yi kuka, na ce, “Yi haƙuri, 'yata.” Ni kaina har yau ina ganin an matsa mata.

Na mayar da fayil ɗin durowata.