Baƙin kadamom ɗin da na tsinta a Kurmi

Jiya bayan la'asar na shiga kasuwar Kurmi sayo kayan shayi, kanumfari da citta da kirfa, har na biya zan juya sai mai kayan ya ce "Hajiya tsaya ki ga wani abu", ya zaro wata leda daga ƙarƙashin tebur. Wasu 'ya'ya ne baƙaƙe masu kaushi, bawon duk ya yamutse kamar busasshen dabino. Na fasa ɗaya na kai hanci, wallahi hayaƙi ne ya fara dukana kamar tukunyar da ta kwana kan murhu, can daga baya kuma wani sanyi-sanyi ya biyo. Ya ce kadamom ne amma babban, ba koren nan da alhazai ke tsarabarsa suna ce masa hel ba.

Ashe ɗan uwan citta ne, dangi ɗaya da citta mai 'ya'ya tamu. A gabashin duwatsun Himalaya ake nomansa, Nepal da Butan da jihar Sikkim ta Indiya da Darjilin, kuma yanzu Nepal ce kan gaba, su alainci suke kiransa. Baya son rana ko kaɗan, sai inuwa da danshi, shi yasa suke dasa shi ƙarƙashin wata bishiya utis wadda ita kanta taki take ƙarawa ƙasa. Hayaƙin nan kuwa daga wurin busarwa ne, wani murhu garesu na gargajiya bhatti, a shimfiɗa 'ya'yan a sama a hura itace a ƙasa har su bushe.

Amma ni abinda ya tsaya min a rai shine maganar iri. Ba iri ɗaya bane fa, manoman ne da kansu suka zaɓo suka riƙe tun kaka da kakanni, kowanne da tsayin dutsen da yake so. Ramsai da Varlange na can sama ne inda sanyi yafi, Golsai yafi son ƙasa-ƙasa kuma 'ya'yansa kewayayyu ne, Sawne sunan watansu na damina Sawan ya ɗauko. Akwai Dzongu Golsai na ƙabilar Lepca a arewacin Sikkim, su ake cewa sun fara tsintarsa a daji tun kafin a mayar dashi gona, sannan Seremna wanda 'yan ƙabilar Limbu na ƙauyen Hee a yammacin Sikkim suka yi rainonsa, ganyensa a sunkuye yake. Ba kamfani ya basu ba, mutum ne zai lura wannan gindin yafi haihuwa ko yafi jure ciwo sai ya ɓalli 'ya'yan gindin ya dasa ya bawa maƙwabci, kuma sai ya jira wajen shekara 3 kafin ya ga amfani. Kai, wannan haƙuri ne.

To matsalar itace dashen gindi shi yake yawo da cuta. Cututtuka biyu ke addabarsu, cirke da furke, ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗa su, furke in ta kama gindi sai ya tsugune ya daina haihuwa, babu magani sai a tumɓuke. A nan ne yawan iri yake ceton mutum, in da duk dutsen iri ɗaya ne ai da rana ɗaya za'a wayi gari ba komai.

Ina cikin wannan tunanin sai kakata ta faɗo min, Allah ya jiƙanta. Duk kaka sai ta ware waken kanannado mafi ƙoshi ta cakuɗa da toka ta rufe a tulu ta liƙe bakin da laka, zangarniyar kaura da farfara kuma a rataye a saman madafa hayaƙi na dukansu, ko yunwa ake ba mai taɓawa. Yau a gidanmu babu wanda ya riƙe wannan kanannadon, kowa sai sabon iri mai saurin nuna, kuma ban ga laifinsu ba tunda damina ta zama abinda ta zama, amma abin na min ciwo sosai.

Kadamom ɗin dai guda 5 na saya. Biyu na jefa a dafadukan daren jiya da naman rago, yara suka ce Umma yau girkin itace kikayi? Na kira ƙanwar babanmu a ƙauye na ce don Allah ta cigita min ko akwai mai sauran irin waken nan, ta ce akwai wata tsohuwa a unguwarsu, zata leƙa ta ranar kasuwa.