Zugazugi a bakin kasuwar Maraɗi

Laraba, da dare.

Kwanana uku a Maraɗi babu wanda ya ɗauke ni baƙo. Bakatsine ne ni, Hausa ɗaya muke yi, sai dai lissafin dala da jikka da ke ruɗa ni. Yau da hantsi na kafa kyamarata a bakin babbar kasuwa, nan take na koma abin kallo.

Crown Graphic ce, tsohuwar ƙirar Amurka, fim ɗinta falle-falle ne, inci 4 da 5. Sai ka ɗora ta a kan ƙafa uku, ka ja cikinta mai naɗewa, ka lulluɓe kai da baƙin ƙyalle kafin ka ga komai. Niyyata in ɗauki wani mai tallar tabarmi da na roƙa ya yarda. Ko da na fito daga ƙyallen, 'yan kabu-kabu sun yi fakin, almajirai sun kewaye ni, wata mai fura ta ajiye ƙwaryarta. Wani ya rantse awon hanya nake yi. Wani kuma ya ce ai zugazugin maƙera ne na liƙa wa madubi. Shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Yaran na bar su suna leƙawa ɗaya-ɗaya. A gilashin baya komai a kife yake fitowa, kai ƙasa, ƙafa sama. Wani ƙarami ya ƙwala ihu wai wani jaki da ya hango a ciki ya koma tafiya da ka. Da na danna kuwa, suka ce in nuna musu hoton. Na ce sai an wanke fim ɗin a cikin duhu. Kallon da suka yi mini, kamar na ci musu bashi.

Can wani dattijo ya ratsa taron da sandarsa.

"Ɗana, ina ka samo wanga abu?"

Ya ce da irinta aka yi masa hoton katinsa na farko, mai hoton na ta yi masa tsawa kada ya motsa. Na ce, "Baba, ko za a sake?" Ya gyara rawani, ya miƙe ƙirji, ya ƙame, tun ban ce masa komai ba.

Falle 8 na fita da su, 2 suka lalace, don surutu ya sa na zare murfin fim alhali idon kyamarar na buɗe. Mai tabarmin ma ya gaji ya yi gaba. Na Baba na ajiye daban, na naɗe a cikin riga saboda ƙura.