Ƙaramar tarakta da faɗin kunya

Wahalar haya ce ta sa na fara tunanin mallakar tarakta. Duk mai noma a yankin Kura ta jihar Kano ya san yadda ake rububin tantan da zarar ruwan shuka ya sauka, domin mai ita yakan fara da masu manyan gonaki, kuma kafin ya waiwayi mai 'yan hektoci irina danshin ƙasa ya riga ya tafi. Babba irin Massey Ferguson 375, mai ƙarfin doki 75, ta fi ƙarfin aljihuna, kuma ko da ina da kuɗinta, ba za ta iya juyawa a cikin ƙananan fangalin da nake noman rani ba. Saboda haka na sayi tsohuwa 'yar Japan mai ƙarfin doki 25, wadda ta zo da na'urarta ta barje ƙasa.

A fangalin shinkafa ba ni da abin cewa sai godiya. Don irin wannan aiki aka ƙera ta, tana shiga laka ta fita ba tare da ta kafe ba, kuma ba ta da shan man gas.

Matsalar ta bayyana ne a gonar tudu, inda nake shuka masara da dawa, kuma har yau raina yana ɓaci idan na tuna cewa dillalin ya yi ta yaba mini lafiyar inji amma bai ce uffan ba game da kayan da za a ɗaura mata. Garma da haro da rija (na'urar yin huɗa) da suka cika kasuwanninmu an yi su ne domin manyan taraktoci. Ƙusar da ke riƙe su a hannun baya mai kaurin milimita 28 ce, alhali ramin hannun ƙaramar tarakta na milimita 22 ne, don haka ba ta ma shiga. Wani mai walda ya gyara mini ƙusoshin wata garma mai faifai uku da na aro, amma da na ɗaga ta sai gaban taraktar ya yi sama, sitiyari ya daina jin magana. Wannan ba abin wasa ba ne, domin haka tarakta ke kifewa da direbanta. Na sauke garmar nan take, na koma neman mai faifai biyu, wadda sai da na sa aka ƙera mini, kuma duk da haka sai da na rataya ƙarafa a gaba kafin tafiyar ta daidaita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne huɗa. Tazarar kunyar masara a wurinmu santimita 75 ce, wanda ke nufin tarakta tana bukatar kusan mita ɗaya da rabi tsakanin tayar dama da ta hagu, domin kowace taya ta bi kwari, kunya biyu su wuce ta ƙarƙashinta. Tawa kuwa tsakanin tayoyinta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Idan taya ɗaya ta bi kwari, ɗayar sai ta hau kan kunya ta rushe ta, ga kuma cikin motar kusa da ƙasa, ta yadda da masara ta kai gwiwa ba za a shiga banƙasa ba sai an karya ta. Manomin Japan ba ya yin kunya a fangalin shinkafarsa, saboda haka maƙeran ba su yi laifi ba. Ƙasarsu suka duba. Wani bakanike ya ba ni shawarar a sa ƙarfe a faɗaɗa tayoyin, amma na ƙi, domin nauyin zai koma kan boris da gatarin baya, kuma na riga na ga yadda ake shan wuya kafin a sami kayan gyaran motar da aka yi domin kasuwar cikin gida ta Japan. Matatar mai kaɗai sai da na ɗauki tsohuwar zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano aka yi ta gwadawa kafin a dace da mai kama da ita.

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen ƙarama, nakan ce ya fara auna kunyarsa, ya tafi wurin dillali da tef a aljihu, ya auna tsakanin tayoyi da tsayin ciki daga ƙasa, sannan kada ya biya ko sisi sai an ɗaura garma da rijar da zai yi aiki da su an ɗaga a gabansa. Ya kuma ware kuɗin waɗannan kaya tun farko, domin tarakta ba ta noma da kanta. Matatar iska ma ya riƙa kakkaɓe ta kullum a lokacin hunturu, saboda ƙurarmu ta fi wadda injin ya saba da ita.

Ban sayar da tawa ba. Tana barje fangali, tana yin haro, tana jan tirelar taki da amfanin gona zuwa gida. Huɗa da banƙasa kuwa mun yi yarjejeniya da maƙwabcina mai shanun noma: ni in gyara masa filin shinkafarsa da rani, shi kuma ya shigo gonata da garmarsa da damina.