Kwalta in ta huce, sai dai haƙuri

Da zarar titi ya fashe bayan damina ɗaya sai kowa ya ce ai an ci kuɗin ne. Wani lokacin haka ne kam, amma ni a ganina abin da ya fi kashe sabon titi shi ne wasa da zafin kwalta.

A inda ake haɗa ta, sai an busar da tsakuwa an gasa ta sannan a cakuɗa da baƙin man da ke riƙe tsakuwar, wato bitumen, galibi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin haɗin, kuma tana fitowa da zafin wajen digiri 150 zuwa 165 na Celsius. In wuta ta yi yawa man ƙonewa yake, za ka ga shuɗin hayaƙi na tashi daga bayan tifa, to wannan kwaltar ta tsufa tun ba a taka ta ba, tsattsagewa kawai za ta yi.

Tifa na barin wurin kwalta ta fara hucewa, shi ya sa ake lulluɓe ta da tamfol, kuma injiniyan da ya san aikinsa ba ya yarda a juye sai ya soka ma'aunin zafi can ciki ya gani da idonsa. Wasu direbobin kuma dizal suke watsa wa bodin tifa wai don kar ta manne, alhali dizal narkar da man yake yi, abin haushi wallahi.

Sai batun rola, nan ne fa aikin yake. Dole ta bi bayan injin shimfiɗa kusa-kusa tun kwaltar na da laushi, don in zafin ya sauka ƙasa da digiri 80 ko rola ta kwana tana kai da komowa ba abin da zai danne, sai ma ta farfasa tsakuwar, ƙananan kafofi su rage a ciki ruwa ya samu hanya ya raba man da dutse. Ranar buɗe titi ba wanda zai gane, baƙi wuluk sumul.

A ɗakin gwaji akwai gwajin Marshall na auna ƙarfin haɗin kwalta, ana buga samfur sau 75 kowane gefe in titin manyan motoci ne, a jiƙa shi a ruwa mai digiri 60 sannan a matse. Amma ni na fi yarda da guntun da ake yankowa daga jikin titin bayan an gama, a auna kauri da danniya, musamman a mahaɗar layi biyu inda gefe ɗaya ya riga ya huce kafin a zuba ɗayan, don nan ne yake fara buɗewa.