Tartsatsin da ke tashi a bakin fulogin batir na motocin rimot, da yadda ake hana shi

Duk wanda ya bar ƙananan motocin rimot ya koma manya, masu aiki da batirin LiPo (nau'in batirin lithium da ake cajawa) mai sel shida ko fiye, ya san ƙarar nan ta "tas" da ke fita tare da hasken wuta a daidai lokacin da bakin fulogi ya taɓa ɗan'uwansa. Da yawa kan ɗauka batirin ne ya lalace, alhali abin yana faruwa ko da komai sabo ne fil, domin tushensa yana cikin na'urar daidaita gudun injin, wadda masu wannan harka ke kira ESC.

A mashigar wutar ESC akwai kwandansoshi, waɗannan ƙananan gwangwanaye masu tara caji da ake gani kusa da jar waya da baƙa. Idan sun daɗe babu batir, babu caji ko kaɗan a cikinsu, kuma kwandansan da ba shi da caji yakan zuƙi wuta da farko kamar an haɗa wayoyin biyu kai tsaye. Batirin LiPo kuwa an ƙera shi ne don ya saki wuta mai yawa nan take. Sakamakon haka wuta mai tsananin yawa takan ratsa ta ɗan tsinin ƙarfen da ya fara taɓawa, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta ƙona wurin. Masu haɗa inbata ta sola sun san wannan sarai, domin irin tartsatsin nan ne ke tashi idan suka ɗora wayar ƙarshe a kan batir.

Lissafi ne ke nuna dalilin da ya sa masu batir mai sel biyu ba su cika kokawa ba. Kowane sel na LiPo yana kaiwa bolt 4.2 idan ya cika, don haka mai sel biyu bolt 8.4 ne, mai sel shida 25.2, mai sel goma sha biyu kuma 50.4. Ƙarfin da kwandansa ke ɗauka yana hauhawa ne da ninkin bolt a kan kansa, wato idan aka ninka bolt sau biyu, ƙarfin zai ninku sau huɗu. Kwandansa mai girman maikirofarad 1,000 yana ɗaukar ƙarfin da ya kai kimanin jul 0.32 a kan sel shida, amma a kan sel goma sha biyu yana kusan jul 1.27, a kan sel biyu kuwa bai kai jul 0.04 ba.

Ɓarnar a hankali take taruwa. Kowane tartsatsi yana cinye ɗan ruwan zinariyar da aka shafa wa ƙarfen fulogin, ya bar baƙin tabo da ƙananan ramuka, wurin kuma ya fara hana wuta wucewa sumul. Idan tirjiyar da ke bakin ta kai miliom ɗaya kacal, injin kuma yana jan amfiya 100, zafin wat 10 ne ke taruwa a ɗan wannan wuri, wanda zai iya tausasa robar fulogin ko ya sassauta dalmar da ta riƙe waya.

Akwai masu ba da shawarar a cire kwandansoshin, kuma a ganina babu shawarar da ta fi wannan muni. Su ne ke shanye tsallen da bolt ke yi a cikin wayoyin batir duk lokacin da ESC ya kunna wuta ya kashe, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma in babu su, tiransistocin da ke cikinsa, masu wannan kunnawa da kashewa, ba za su daɗe ba. Shi ya sa ma wanda ya ƙara tsawon wayar batir ake ba shi shawarar ya ƙara kwandansa. Maganin gaskiya shi ne a bar kwandansoshin su cika a hankali ta hanyar rasista, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, kafin a buɗe wa wuta babbar hanya.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen fulogin da aka riga aka saka wa rasista, irin su XT90-S na kamfanin Amass, wanda ake gane shi da koren zane a jikin macen, wato ɓangaren mai rami, ko AS150 da QS8-S ga masu buƙatar wuta mai yawa. A cikin XT90-S akwai rasista mai kimanin om 5.6 haɗe da wani ɗan zobe a bakin ramin, shi namijin ke fara taɓawa kafin ya isa ainihin ƙarfen. A kan bolt 25.2, wannan yana tsayar da wutar farko a kan amfiya 4.5, kuma kwandansa mai maikirofarad 1,000 zai kusa cika cikin kashi uku cikin ɗari na daƙiƙa. Saboda haka babu buƙatar tsayawa jira: a tura fulogin a natse har ya shige gaba ɗaya. Wanda ya bar shi rabi a ciki rabi a waje, sannan ya taɓa rimot ko na'urorin juya sitiyari suka fara jan wuta, duk wutar za ta bi ta wannan ƙaramin rasista ta ƙona shi, daga nan tartsatsin ya dawo ba tare da wata alama a waje ba.

Mai iya aiki da dalma zai iya haɗa nasa. Ana ɗora siririyar waya mai ƙaramin fulogi da rasista a gefen babbar jar waya, a fara haɗa baƙar waya, sai siririyar, sannan babbar ja a ƙarshe. Sai dai a guji rasista mai ƙima babba, domin wasu ESC suna ƙirga yawan sel ne daga bolt ɗin da suka fara gani, kuma idan ya hau da jan ƙafa za su iya yin kuskuren ƙirga, su sa iyakar bolt ɗin da za su yanke wuta don kare batir a inda bai dace ba. Yana da kyau kuma a duba takardar na'urar, tun da wasu manyan ESC sun zo da nasu tsarin hana tartsatsi.

Ga motocin da ake jera batir biyu a cikinsu, kamar mai sel uku guda biyu don a sami sel shida, haɗin da ya rufe da'irar ne kaɗai ke tartsatsi, don haka a nan ake sa fulogi mai rasista, kuma shi za a riƙa haɗawa a ƙarshe kullum. Idan kuwa tartsatsin ya zo da hayaƙi, ko waya ta ɗau zafi nan take, wannan ba aikin kwandansa ba ne. A zare batirin da gaggawa, a duba ko an juya ja da baƙa, ko kuma wani tiransista ya ƙone a cikin ESC.