Ƙwaron teku a kan tsaunin Jos

Mun bar Abuja bayan sallar asuba, muka bi ta Keffi da Akwanga. Muna kama Hawan Kibo sanyi ya fara shigowa ta taga, mota tana nishi kamar jakin da aka labta wa kaya. Biki ne ya kai ni Jos, amma abin da ya tsaya min a rai wani ƙwaro ne na dutse.

Kawuna dillalin duwatsu masu daraja ne. Da daddare, bayan mun sha gwate, ya kwance wani ƙyalle ya miƙo min abin. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, baƙi wuluk, sai ka ce kyankyaso ne ya lafe a jikin dutse. Bayansa gaɓa-gaɓa, tsagi biyu sun raba shi gida uku daga kai zuwa wutsiya, kuma daga nan ya samo sunansa, tirilobayit, wato mai gida uku. Tsohuwar halittar teku ce da gawarta ta koma dutse. Da na kanga shi a fitila sai na ga idonsa ɗigo-ɗigo a jere kamar ƙwayar masara a jikin totuwa.

"Kawu, a Bukuru aka haƙo shi?"

"Ɗana, ko Dutsen Shere ka farfasa kaf ba za ka samu ba. Daga Maroko aka kawo min."

Maƙwabcinsa, tsohon malamin ilimin duwatsu, ya gyara zama. Ya ce duwatsun da ake samun kuza a cikinsu narkakken dutse ne da ya sandare, ba ya adana gawar komai. Kwarin Binuwai kuwa teku ta taɓa shigowa, sai dai ta makara. A ƙiyasin masana waɗannan halittu sun bayyana shekaru miliyan 521 da suka wuce, suka ƙare wajen miliyan 252, tun kafin ruwan ya iso nan.

An gano sama da iri 20,000. Wani bai kai ƙwayar gero ba, wani da aka samu a Kanada ya haura santimita 70. Akwai makafi da suka rayu cikin laka inda haske ba ya kaiwa, akwai masu ƙaya, akwai masu dunƙulewa kamar bushiya in sun ji tsoro.

Inda hirar ta fi kama ni shi ne yadda suka rarrabu a duniya. Na bakin gaɓa ba sa iya ƙetare teku mai zurfi, don haka kowace nahiya da nata dangin. Na arewacin Sikotilan sun fi kama da na Arewacin Amurka a kan na Ingila da ke maƙwabtaka da ita, domin a da wata teku ce tsakanin Sikotilan da Ingila, daga baya ta rufe. Na ce ashe ƙwaro ma yana ba da shaidar iyakar ƙasa.

"Malam, ai na jabu sun cika kasuwa," in ji Kawu. Ya ɗora allura a kan wuta har ta yi ja, ya dangwala a gefen ƙwaron. Da na roba ne da ta nutse, da mun ji ƙauri. Ba ta shiga ba. Na tambayi kuɗinsa, ya naɗe ƙyallensa ya tura aljihu, ya ce in tashi in kwanta, gobe ɗaurin aure ƙarfe goma ne.