Sana'ar Kantun Gyaɗa da Dabino a Birnin Kano

Ƙaramin kamfanina yana yin kantun gyaɗa mai ƙara kuzari, wanda ake haɗa shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da dabino, da zuma, da soyayyen gero da riɗi, sannan a danne shi a yanka shi sala-sala. Mu huɗu ne muke aikin a ɗaki guda da muka keɓe a cikin gida. Masu sayen kayanmu sun haɗa da ɗaliban Jami'ar Bayero, da direbobin doguwar tafiya, da matasa masu motsa jiki, kuma idan watan azumi ya kama, ciniki yakan ƙaru saboda masu neman abin da zai riƙe ciki a lokacin sahur.

Gyaɗa ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun da jirgin ƙasa ya iso garin a farkon ƙarnin da ya wuce, fataucinta ya bunƙasa, har aka riƙa jera buhunanta ana yin dalar gyaɗa a zamanin su Alhaji Alhassan Ɗantata. Wannan dalar ta zama tarihi, amma har yau a kasuwar Dawanau nake sayen tawa, kuma na fi son saye bayan kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa ta bushe sosai, farashi kuma ya ɗan sauka.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma ba na yarda a gaggauta shi, shi ne tsinta. Muna baza gyaɗar a faifai, muna bin ta da hannu, muna fitar da duk ƙwayar da ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta fashe, ko aka ga alamar fumfuna a jikinta. Dalili kuwa shi ne gyaɗar da aka ajiye da danshi tana iya ɗaukar gubar da masana ke kira aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Mai saye ba zai gane wannan da ido ba bayan an markaɗa, saboda haka amanar tana wuyan mai yin kayan. Akwai masu ganin asara ce a zubar da mudu guda daga cikin buhu; ni ban taɓa lissafa shi a matsayin asara ba.

Bayan tsinta sai suya a kasko da wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa har ɓawon ya fara saki idan aka murza ƙwaya tsakanin yatsu, cikinta kuma ya yi ruwan zuma. Idan ta wuce haka, ɗaci zai bi kayan gaba ɗaya. Sai a murje, a sheƙe, a kai inji a markaɗa har ta yi laushi tana ƙyalli. Masu ƙuliƙuli suna matse man su bar tunkuza, mu kuwa muna barin man a ciki, domin kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kuma shi ne tushen kuzarin da ake nema. Dabino kuma sai an tsaga kowanne an duba cikinsa saboda ƙwari, kafin a cire ƙwallon, a ɗan jiƙa shi a ruwan ɗumi, a daka. Shi ne yake riƙe haɗin, don haka zuma kaɗan take isa, tare da ɗan gishiri da garin citta.

Babbar matsalarmu ita ce yanayi. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan kai digiri 40, sai man ya riƙa tsatsowa cikin leda, kantun ya saki jiki, ga shi wutar lantarki ba ta tsayawa balle a dogara da firji. A irin wannan lokaci muna ƙara gero, muna rage zuma, muna yin yanka da asuba, kuma ba ma yin abin da ya wuce wanda aka yi oda. Da hunturu kuwa haɗin yakan bushe da wuri, sai a ƙara dabino.

A jikin kowace leda muna rubuta ranar da aka yi, da abubuwan da ke ciki, da gargaɗi ga waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa. Manyan shaguna ba sa karɓar kayan ci sai da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma shirin neman wannan rajista shi ne abin da muka sa a gaba a bana.